Ina Ake Ajiye Tukunyar Kashe Gobara? Daga Filin Tsere zuwa Tashar Unguwa Uku

Duk wanda ya tsaya a tashar Unguwa Uku da safe ya kalli lodin motar Sharon mai zuwa Kaduna ko Abuja, ya san yadda abin yake tafiya. Ana zuba buhuna da akwatuna har but ya ƙi rufuwa, yaron mota ya kawo igiya ya tamke. Tukunyar kashe gobara kuwa tana can ƙasa, kusa da safaya, kayan fasinja bakwai sun danne ta. In ka tambayi direba, zai ce maka, "Akwai ta, ranka ya daɗe," kuma gaskiya ya faɗa. Abin da wannan maƙala take son nunawa shi ne mun mayar da tukunyar tamkar takardar mota, abin nuna wa jami'i a shinge, alhali amfaninta duka ya rataya ne a kan inda aka ɗaure ta da yadda aka ɗaure ta.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta lissafa rashin wannan tukunya cikin laifukan hanya, dokarta ta 2007 kuma ta yanka tarar naira 3,000. To amma tambayar da direba ya saba ji a bakin titi guda ce: kana da ita ko ba ka da ita? Wannan tambayar ce ta tarbiyyantar da shi. Ya sayi mafi araha, ya jefa inda ba za ta tare masa wurin kaya ba.

Masu tseren motoci sun bi ta wata hanya dabam, kuma da jini suka koya. A 1977, a filin Kyalami na Afirka ta Kudu, wani matashin ma'aikacin fili ya tsallaka hanya a guje, rungume da tukunya mai nauyin kilo 18, zai kashe wutar da ta kama wata mota. Motar ɗan tsere Tom Pryce ta kwashe shi, tukunyar ta daki Pryce a ka, su biyun suka mutu nan take. Ba daga cikin motar tukunyar ta fito ba, amma darasin bai sauya ba: ƙarfen da aka tanada don ceto yakan koma makami idan ya haɗu da gudu.

Shi ya sa ƙa'idar FIA, hukumar da ke kula da tseren motoci a duniya, ba ta tsaya ga mallaka ba. Ta ce mazaunin tukunyar ya iya riƙe ninki 25 na nauyinta idan mota ta yi tsayuwar farat ɗaya. Ta ce a ɗaure ta da maɗaurin ƙarfe aƙalla biyu masu saurin kwancewa, a sa mata matoshi don kada ta suɓuce ta tsawonta, ta kasance inda hannun mutanen cikin motar zai kai, kuma kada ta wuce shekara 2 ba a duba ta ba. A yi lissafi: tukunya mai hoda kilo 2, idan aka haɗa da ƙarfenta, takan kai kilo 3. Ninka 25, ka sami kilo 75, wato buhun siminti ɗaya da rabi yana shawagi tsakanin kawunan fasinjoji. Wannan ya shafi direban da ya fi abokinsa lura, ya ciro ta daga but ya yar a ƙarƙashin kujera ba ɗauri. Ko ba a yi karo ba, tana iya gangarowa ta shige ƙarƙashin birki.

Za a ce motar haya ba motar tsere ba ce. Haka ne, sai dai bambancin bai goyi bayanmu ba. Ɗan tsere yana sanye da rigar da wuta ba ta saurin ci, ga ma'aikata jere a gefen fili. Direban da ya wuce Kwanar Dangora ba shi da kowa sai kansa, wani lokaci ma da jarkar fetur a baya. Ƙaramar tukunya kuma wajen daƙiƙa 10 take feshi ta ƙare, don haka tasirinta yana ga wutar da ba ta riga ta girma ba. Kafin a kwance igiya a sauke buhu huɗu, wutar da ta fara daga waya ta kai tiyon mai.

Batun kuɗi ma bai da ƙarfi sosai. Aikin bai fi ƙarfin masu walda da makanikan da ke tsakanin Gyadi-Gyadi da Tarauni ba: faranti na ƙarfe a gaban kujerar mai zaman banza, a kwantar da tukunyar a gicciye, a huda a sa noti da washa. Kada a yarda da sukurun da ake murzawa cikin gwangwanin mota, domin yakan fizge, haka ma mazaunin roba da ake sayar da tukunyar da shi, wanda bangon kanti aka yi wa. Sai kuma a riƙa duba allurar tukunyar ko tana kan kore, a juya tukunyar a girgiza lokaci-lokaci, saboda jijjigar hanya tana dunƙule hodar.

Ƙungiyar direbobi ce ta fi kowa damar gyara wannan, tunda ita ke rubuta layi, kuma mota ba ta lodi sai da izininta. Ɗan kamashon da ke ƙirga fasinja yana iya leƙa gaban kujera kafin ya ce wa direba ya ja.