Yadda Aka Koyi Ƙidayar Kwanakin Ciki

Daga cikin al'amuran da ɗan Adam ya daɗe yana neman saninsu, har yau kuwa bai same su a kan yaƙini ba, akwai ranar da ciki ke shiga, domin abu ne da ke aukuwa a ɓoye, ba mai shaida, ita kanta mai cikin ba ta farga sai makonni sun shuɗe. Saboda haka kowane lissafi da aka ƙago, tun daga na ungozomar dā har zuwa na likitan yau, ƙiyasi ne, a kama abin da ya bayyana a auna abin da ya ɓuya. Mutanen farko da wata suke ƙirgawa: mace ta lura da ɗaukewar al'adarta, sa'an nan ta jira motsin ɗan, wanda kan zo wajen wata na huɗu ko na biyar.

Fuƙaha'un Musulunci sun zurfafa bincike a wannan mas'ala, saboda nasaba da idda da gādo duk a kanta suka rataya. Mafi ƙarancin muddar ciki sun haɗu a kan wata shida, ta hanyar gwama ayoyi biyu, wato ta Suratul Ahƙaf da ta sanya ɗaukar ciki da yaye wata talatin, da ta Suratul Baƙara da ta sanya cikakkiyar shayarwa shekara biyu. In aka ɗebe 24 daga 30 saura shida, kuma an ruwaito cewa da wannan istinbaɗi ne Sayyidina Aliyu ya kuɓutar da wata mace da ta haihu wata shida bayan aurenta. Amma a kan mafi tsawo sun saɓa: Hanafiyya suka ce shekara biyu, Shafi'iyya huɗu, Malikiyya huɗu ko biyar, Ibnu Hazmin na Andalus ya tsaya a kan wata tara. A inuwar wannan fatawa ta Malikiyya ne zancen kwantaccen ciki ya samu mazauni a ƙasar Hausa. Ilmin likitanci bai tabbatar da ciki mai shekaru ba, amma ni ina ganin wanda ya dubi maƙasudin malaman nan zai girmama su, don rufin asirin mace suke nufi, da kada yaro ya tashi ba uba.

Lissafin da asibitocinmu ke aiki da shi daga Turai ya fito. Hermann Boerhaave, shaihin likitanci a Leiden ta ƙasar Holan, wanda ya rasu a 1738, shi ya koyar da ƙirgawa daga haila ta ƙarshe da ƙarin kwana bakwai, sai Franz Naegele na Heidelberg ta Jamus ya naƙalto maganarsa a 1812, ƙa'idar ta shahara da sunansa. Ga yadda take: a ɗauki ranar da hailar ƙarshe ta fara, a ƙara kwana bakwai, a ƙirga wata tara gaba, ta yadda wadda ta ga jininta ran 10 ga Yuni za a sa mata ranar haihuwa 17 ga Maris, kwana 280 ke nan.

Su biyun kuwa ba wanda ya san lokacin da ƙwan mace ke fita, don sai a 1827 Karl von Baer ya fara ganin ƙwan dabba mai shayarwa, kuma sai a shekarun 1920 Kyusaku Ogino na Japan da Hermann Knaus na Ostiriya, kowa a nasa binciken, suka nuna cewa ƙwan kan fita kimanin kwana 14 kafin haila mai zuwa. Daga nan aka gane cewa ainihin zaman ɗa a mahaifa wajen kwana 266 ne, kuma mako biyun farko na ƙidayar asibiti babu cikin ma tukuna. Wannan wuri ya cancanci a tsaya a kansa, domin idan katin awo ya ce ciki mako goma, to shigarsa mako takwas ne, kuma maigidan da bai san haka ba, ya zauna yana ƙirga kwanakin tafiyarsa, yana iya ɗora wa matarsa zargin da ba ta ji ba ba ta gani ba. Balle kuma macen da al'adarta ke jinkiri zuwa kwana 35, ko mai goyon da ta yi ciki tun jininta bai dawo ba, wadda ba ta da ranar da za a kafa lissafi a kanta.

Irin waɗannan ne na'urar hoton ciki ta yi wa rana. A 1958 Ian Donald na Glasgow, tare da injiniya Tom Brown, ya bayyana yadda sautin da ake gano tsagewar ƙarfe da shi zai iya nuna abin da ke cikin mutum, a 1973 kuma Hugh Robinson, a garin dai, ya fito da awon tsawon ɗan tayi daga ƙoƙon kai zuwa mazaunai. A watanni ukun farko kuskuren wannan awo bai cika wuce kwana biyar zuwa bakwai ba, saboda 'yan tayi kusan girma ɗaya suke yi a lokacin. Duk da haka ba ya nuna daren saduwa, tun da maniyyi na iya rayuwa har kwana biyar yana jiran ƙwan. Idan kuwa mace ba ta je awo ba sai cikin ya tsufa, kamar yadda da yawa daga matanmu ke yi, kuskuren hoton kan kai mako uku, gaba ko baya.