Turbar Fatake a Kwarin Vina

Wanda ya shiga bas a tashar Ngaundere ta ƙasar Kamaru da sassafe, ya nufi gabas bisa kwaltar nan da ta ratsa Tuboro ta zarce Mundu a ƙasar Cadi, in Allah ya kiyaye hanya zai sauka Tuboro da sauran rana a sama, alhali kuwa kakanninsa, in fatake ne, sai sun yi zango bayan zango, sun ga Juma'a ta zo ta wuce, kafin su cim ma wannan tazara. Ta tagar mota zai riƙa hango waɗansu siraran hanyoyi suna ɓallewa daga bakin titi, suna kutsawa cikin ciyawa, su hau tudu, su gangara kwari, su ɓace a tsakanin duwatsu. Galibin matafiya ba su kula da su. Ni kuwa a ganina su ne asalin tarihin wannan ƙasa, domin ƙafa ce ta fara shata hanya, injin ya zo daga baya ya shimfiɗa kwalta a kan abin da ya tarar.

An ce a ƙasashen Turai, kamar arewacin Ailan inda kwaruruka suke gangarawa har bakin teku, mutane sukan biya kuɗin bas musamman don a kai su bakin wata turba, su yini suna takawa domin hutun rai da kallon ikon Allah. Mu ma muna da irin wannan ni'ima, sai dai namu hanyoyin larura ce ta haife su.

Ƙasar kanta abar tafakkuri ce. Ruwan saman da ya zuba a tudun Adamawa yakan rabu, wani ya bi Binuwai ya ratsa Garwa da Yola, ya sadu da Kwara a Lakwaja, ya faɗa teku. Wani kuma ya bi kogin Vina, wanda Tuboro take a gefensa, ya haɗu da kogin Mbere su zama Logon, daga nan sai Shari, sai tafkin Cadi, inda tafiyarsa take ƙarewa ba tare da ya ga teku ba. Mbum, waɗanda su ne tsofaffin mazauna wannan kwari, sun san kowace mashiga da kowane mahayi tun kafin wani baƙo ya iso, kuma turbobinsu na zuwa gona da farauta da ziyarar dangi su ne baƙi suka gada.

Da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo wajen 1809, ya kuma kafa Yola a 1841, sai ƙasar da ake kira Fombina, watau kudu, ta buɗe ga Musulmi. Ardo Njobdi da jama'arsa suka zauna Ngaundere, Buba Njidda kuwa ya kafa mulkinsa a Rai, ya gina gida mai doguwar katanga, ya riƙe ƙasa mai faɗi da hannu mai ƙarfi, har ya zamana bai cika miƙa wuya ga Yola ba. Kuma Tuboro a ƙarƙashin wannan gidan sarauta take har yau. Bayan dawakin Fulani sai ga jakan Hausawa. Mutanen Kano da Katsina da Zazzau, tare da Barebari, suka riƙa ɗauro kore da turkuɗi da kanwa da duwatsun wuya, suna komawa da hauren giwa, wanda a wancan zamani ya yi tsada a kasuwannin Turai. Wani Bature da ake kira Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya iso Yola a 1851, amma Lamido Lawal bai bar shi ya daɗe ba, don haka bai sa ƙafa a waɗannan kwaruruka na gabas ba.

Tsarin ayari abu ne da ya cancanci a tsaya a kansa, gama shi ne ya mayar da turbar ƙauye ta zama hanyar alƙarya. Madugu shi ne uban tafiya, shi yake yin magana da sarakuna, shi yake yanke abin da za a bayar na gaisuwa da kuɗin fito, kuma in rigima ta tashi tsakanin fatake a gabansa ake warware ta. Jagaba yana gaba yana duba hanya, uban dawaki yana taimaka wa madugu, malamin ayari kuwa shi yake zaɓen ranar tashi, ya ja salla, ya rubuta wasiƙa, ya yi wa wanda ajali ya riska a daji sutura. Akan tashi bayan asuba, a yi ta tafiya har rana ta take, sa'an nan a sauke kaya a inda akwai ruwa da ciyawa da itacen wuta, mata su aza tukwane, samari su kafa bukkoki. Da yake ƙudan tsando ya yi yawa a bakin koguna, yana kashe jaki da doki, sau da yawa kan ɗan Adam ne yake ɗaukar abin da dabba ta gaza, kuma wanda ya taɓa hawan ɗaya daga cikin tudun nan da gorar ruwa kaɗai a hannu zai fahimci abin da 'yan alaro suka sha da haure a ka.

Wajibi ne kuma a faɗi abin da zuciya ba ta so. Ta waɗannan turbobi ne rundunonin Rai da na Ngaundere suka riƙa fita da rani zuwa ƙasar Laka a gabas da ƙasar Gbaya a kudu, su komo da mutane a ɗaure, maza da mata da ƙananan yara, waɗansu a zaunar da su a rumada, waɗansu a aika da su Yola a matsayin haraji, waɗansu kuma fatakenmu su saye su kora arewa. Wannan zalunci ne, ko da wane suna aka kira shi a lokacin, kuma jikokin waɗanda aka kama da jikokin waɗanda suka saya yau kujera ɗaya suke zama a cikin bas.

Jamusawa suka ci Ngaundere da Garwa a 1901, Ingilishi da Faransawa suka karɓe Garwa daga hannunsu a 1915, amma duk wannan bai sauke kaya daga kan talaka ba, sai ma aikin tilas da ya ƙaru. Abin da ya sauya ƙasar da gaske shi ne auduga. Bayan kafa kamfanin auduga na Sodecoton a 1974, shekarar da jirgin ƙasa ya iso Ngaundere, sai aka buɗe hanyoyin ƙasa domin manyan motoci su kwaso auduga, manoma kuma suka yi ta kwararowa daga arewa mai nisa, Tupuri da Mafa da Giziga, suna neman ƙasar noma, har ƙauyuka suka tsiro a inda dā sai ɓauna da gwanki. Kasuwar Mbaibum, a kusa da mahaɗar iyakokin Kamaru da Cadi da Afirka ta Tsakiya, ta bunƙasa ta jawo 'yan kasuwa har daga Nijeriya. A 2003 aka gama bututun mai na kilomita 1,070 daga Doba ta ƙasar Cadi zuwa Kribi a bakin teku, ba da jimawa ba kuma aka kammala kwaltar Mundu, mai tsawon kusan kilomita 400.

Tare da arziki fitina ta shigo. 'Yan fashin da ake kira zargina sun san tsofaffin turbobi fiye da kowa, ta nan suke ɓullowa su tare mota ko su sace 'ya'yan makiyaya, ta nan kuma suke ɓacewa. A farkon 2012 mahaya dawaki daga wajen Sudan suka shiga gandun dajin Buba Njidda suka hallaka giwaye ɗaruruwa saboda haurensu, watau hajar nan dai da ta kawo kakanninmu. Na yi baƙin cikin wannan labari ƙwarai.

Duk da haka turbobin ba su mutu ba. Mbororo suna bin burtalinsu da shanu zuwa bakin Vina idan rani ya tsananta, masu babur sun mayar da waɗansu nasu, kuma ranar kasuwa, tun kafin gari ya waye sosai, za ka ga mata suna fitowa daga cikin ciyawa a jere, da ƙwaryar nono ko buhun gyaɗa a ka, ƙafafunsu jiƙe da raɓa, su sauke kaya a bakin kwalta su zauna jiran motar Tuboro.