Katako da Gara: Yadda Kafintocin Kaduna Suka Koyi Kare Itace

Kafin zuwan fenti, Bahaushe bai damu da abin da za a shafa wa itace ba, itacen yake zaɓa. Azara daga giginya ake faskare ta domin gara ba ta iya mata. Turmi da taɓarya kuwa sai ƙirya. Mahaifina, wanda ya yi shekaru yana kafintanci a Tudun Wada, ƙwanƙwasa katako yake yi, daga amonsa ya gane ko zai kai labari.

Da Gwamna Lugga ya dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, sai gini ya sauya. Gidajen ma'aikata da barikoki na son rufin kwano a kan katakon da aka yanka da zarto, jirgin ƙasa kuma na kawo shi daga Kudu. Kaduna na shan ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, ga gara a ƙasa, sannan hunturu ya zo ya tsattsage abin da damina ta kumbura. Turawa suka kawo magungunan shafawa irin su Solignum, wanda har yau kafintoci ke kiran sunansa.

Talaka da ba shi da kuɗin gwangwani sai ya samo tasa dabarar. Da motoci suka yawaita, baƙin man da aka juye daga inji ya zama maganin gara. Ni ma da shi na fara aiki: tsumma a bakin sanda, ina shafe katakon rufi tun daga safe har azahar.

A halin yanzu itacen kirki ya yi wuya. Madobiya an sare ta har aka saka ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke taƙaita cinikinsu a 2017. Abin da ya fi yawa a hannun masu katako shi ne farin itace marar ƙwari, da sandunan turare irin waɗanda aka dasa a dajin Afaka. Dole shafi ya ɗauki nauyin da itace ke ɗauka a da.

A nan nake jan hankalin 'yan'uwana kafintoci na kasuwar Panteka. Iyalai a Malali da Unguwar Rimi na kawo aikin akwatunan shuka, su sa alayyafo da tumatir da attaruhu. Rufin ɗaki daban, mazubin abinci daban. Baƙin mai na ɗauke da dattin ƙarfe da guba, ruwan ban shuka kuma zai wanke shi cikin ƙasar da saiwa ke sha. Ko a Amurka, tun ƙarshen 2003 aka daina sarrafa katakon amfanin gida da maganin da ke ɗauke da gubar arsenik.

Abin da nake yi shi ne: katako ya bushe sarai, a yi masa fenti ta waje, a nanata a bakin yanka inda ya fi shan ruwa. Ciki a shimfiɗa leda mai kauri, a huda gindin, a ɗora akwatin kan bulo don kada ya taɓa ƙasa.

Duk kafintan da aka kawo wa irin wannan aiki, ya fara tambayar abin da za a shuka, domin abin da ya shafa yau, yaran gidan ne za su ci shi a miya.