Yadda Kwamfuta Ta Koyi Jira

Yawancin rayuwar manhajar da ke riƙe da sabar intanet zaman jira ne. Tana jiran saƙo ya iso, tana jiran faifai ya gama karatu, tana jiran wani zaren aiki ya saki makulli. Mai tashinta idan lokaci ya yi shi ne kanel, wato zuciyar tsarin da ke tafiyar da kwamfuta. Fiye da shekara arba'in ke nan masana na ja-in-ja a kan yadda ya fi dacewa a yi wannan tashin.

A 1983 Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta fitar da tsarin 4.2BSD, a cikinsa akwai dabarar jira mai suna select. Manhaja takan miƙa jerin hanyoyin da take sauraro, kanel ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kamar yaron da aka aika gida-gida yana tambaya ko baƙo ya sauka. Da ya dawo aka sake aikensa, sai ya faro daga gidan farko. Ga shi kuma jerin bai cika wuce 1024 ba. Da poll ya zo ya cire wannan iyaka, amma zirga-zirgar tana nan.

Da intanet ta bunƙasa, sai tura ta kai bango. A 1999 Dan Kegel ya yi tambayar da aka sani da C10K: ta yaya saba ɗaya za ta ɗauki mutum 10,000 a lokaci guda? A 2000 Jonathan Lemon ya kawo kqueue cikin FreeBSD. Ka yi rajista sau ɗaya, ka koma ka zauna, wanda ya shirya kaɗai za a faɗa maka, ko saƙo ne, ko agogo, ko mutuwar wata manhaja. A 2002 Davide Libenzi ya kawo makamanciyar dabara, epoll, cikin Linux, amma Linux ta tsaya a kan aƙidar Unix, duk abin da za a jira sai an mai da shi kamar fayil.

Microsoft tata hanyar daban. Windows NT kan bar zare ya jira abubuwa har 64 a kira ɗaya, ko ɗaya daga cikinsu ko dukkansu. Linux kuwa a 2002 ta karɓi futex, aikin Hubertus Franke da Matthew Kirkwood da Rusty Russell. Hikimarsa mai daɗi ce: idan ba wanda ke riƙe da makulli, ɗauka kawai, ba sai ka tashi kanel ba. Sai an yi karo ake kai ƙara. Sauri ya samu, sai dai makulli ɗaya ake iya jira a kira guda.

Wasannin Windows ne suka fito da wannan giɓi fili. Wine, mai gudanar da su a kan Linux, dole ya riƙa aika kowane jira zuwa wata manhaja ta daban, wasa ya riƙa cijewa a hannun mai bugawa. A 2022 Linux 5.16 ta zo da futex_waitv, mai jiran makulli fiye da ɗaya a kira guda, a 2025 kuma Linux 6.14 ta karɓi ntsync na Elizabeth Figura, wanda ya shigo da salon jiran NT har cikin kanel.

Abin da ya fi burge ni shi ne, ba kaifin baki ne ya raba gardamar ba. Sau biyu nauyin aiki yana raba ta: cunkoson saba a 2002, kukan masu wasa a 2025. Duk gidan da kaya suka yi wa nauyi, sai ya je ya ari dabarar maƙwabci.