Tarihin Auren Karin Indiya da Fiyano a Ƙasar Kano

A hutun rani da ya wuce na halarci bikin wata ƙanwata a wani ƙauye da ke bayan Kwanar Ɗangora, cikin ƙasar Kiru. Da la'asar sakaliya aka kafa lasifika biyu, yaro mai na'ura ya saki waƙar fim, 'yan mata suka cika fili. Can gefe guda, a gindin darbejiya, ga wani tsoho zaune da kalangunsa a cinya, shi ne kuwa wanda ya yi wa mahaifiyata kiɗa ranar da aka kai ta ɗaki. Har aka kira magariba ba wanda ya ce masa ya taɓa. Da na je gaishe shi na ce, "Baba, yau ba ka motsa hannu ba." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ai kalangun yana cikin akwatin can, sun ɗauke shi." Wannan magana ita ce ta sa ni bin sawun kiɗan nan da muke rawa da shi, don in san ta inda ya shigo mana, da kuma abin da ya ture kafin ya sami wurin zama.

Zuwan Indiya

Mafarin al'amarin dai gidan silima ne. An buɗe silimar Rex a Kano a 1937, sannan a farkon shekarun 1950 aka buɗe Palace a cikin birni, kusa da kasuwar Kurmi. Yawancin gidajen nan na Kwarori ne, su ne kuma suka fara kawo finafinan Indiya, suka ga jama'a ta karɓe su fiye da na Amurka. Dalilin ba boyayye ba ne: Bahaushe ya ga mata masu lulluɓi da kunya, ya ga auren dole, ya ga talaka yana son 'yar mai kuɗi, duka abubuwan da ya sani a gida. Fim ɗin Mother India na 1957 ya daɗe ana maimaita shi, haka nan Sholay na 1975. Kawuna, wanda ya yi yaron mota a hanyar Jos ta Tudun Wada da dajin Falgore, ya ce mini in sun sauke kaya a Kano ba sa kwana sai sun shiga silima, gobe kuma su yi ta rera waƙar a bayan mota har Doguwa, alhali ko kalma ɗaya ba su ji.

Akwai wani abu da ya kamata mai karatu ya lura da shi a nan. Kiɗan da ya iso mana daga Indiya tun can gauraye yake. Masu shirya kiɗan fim a Bombay sun haɗa tabla da sitar na kakanninsu da gogen Turawa da jita. Ko akwatin harmoniya, wanda muke ɗauka nasu ne tun fil'azal, ƙirar Faransa ce ta ƙarni na 19, Turawa suka kai musu, su kuma suka gyara shi yadda za a kaɗa a zaune a ƙasa. Wato dai mun yi aro ne daga wanda shi ma ya yi aro.

Makaɗanmu na gargajiya su suka fara taɓa karin. Abdu Yaron Goge na Jos ya shahara da ɗaukar karin waƙoƙin Indiya yana ɗora shi a kan goge da kalmomin Hausa. Bayansa sai 'yan makarantun Islamiyya suka shiga rera yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da irin wannan kari. Sannan masu bege suka haɗa shi da bandiri, wanda ya yaɗu a Kano ta hannun Ƙadiriyya, musamman zamanin Shehu Nasiru Kabara da ya rasu a 1996. Har akwai ƙungiyar da ta sa wa kanta suna Ushshaƙu Indiya. Hujjarsu ita ce, tun da samari sun riga sun kamu da karin, gara a cika shi da begen Manzo. Wasu malamai sun yarda da wannan, wasu sun ƙi. Amma a duk wannan mataki hannun mutum ne ke bugun fata, ko yake jan izga.

Shigowar fiyano

Abin da ya juya tarihin shi ne fim ɗin bidiyo. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, daga nan kuwa sana'a ta buɗe. Masu fim suna son waƙa irin ta Indiya, ba su kuma da kuɗin ɗaukar tawagar makaɗa. A tsakiyar shekarun 1990 kamfanin Iyan-Tama ya kafa ɗakin ɗaukar sauti da fiyanon Yamaha, wasu kuma suka bi. Aikin na'urar nan shi ne, an adana muryoyin kayan kiɗa masu yawa a cikinta. Makaɗi zai zaɓi bugu ya bar shi yana maimaita kansa, ya ɗora sarewa a kai, ya ɗora wani abu mai kama da goge, mawaƙi ya hau. Aikin da dā sai mutum biyar ko shida, mutum ɗaya ya gama shi kafin azahar.

Muna kiran fiyano kayan Turawa, amma wanda ke hannun makaɗanmu ƙirar Japan ne. Kamfanin Yamaha a garin Hamamatsu aka kafa shi a 1887, da kayan kiɗa ya fara, babur ɗin da muka sani a ƙauyukanmu sai a 1955 ya zo. Saboda haka waƙar fim ɗin Hausa kari ne na Indiya, a kan tsarin maɓallan Turai, cikin akwatin Japan, da harshen Hausa. Fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya, wanda ya fito a 1999, shi ya tabbatar wa 'yan kasuwa cewa waƙa ce ke sayar da kaset. A cikin wannan shekarar ce kuma Alhaji Mamman Shata ya rasu, mutumin da ya yi zamaninsa duka da kalangu. Ko kafa hukumar tace finafinai ta Jihar Kano a 2001, da duk takaddamar da aka yi a kan rawa da waƙa, ba ta raba fim da fiyano ba.

Darasi daga Madras

Don mu gane inda muka yi sake, bari mu dubi wani makaɗi da mu ma muka sha kiɗansa, wato A. R. Rahman. An haife shi a Madras, wadda yanzu ake kira Chennai, a 1967. Mahaifinsa mai shirya kiɗan fim ne, ya rasu yaron yana da shekara 9, gidan ya koma ci da hayar kayan kiɗan da ya bari. Tun yana matashi ya riƙa kaɗa fiyano a tawagar Ilaiyaraaja, ya kuma yi karatun kiɗan Turawa har ya sami takardar shaida. Wajen ƙarshen shekarun 1980 shi da danginsa suka musulunta ta dalilin wani shehin Ƙadiriyya. Ya gina ɗakin ɗaukar sauti a bayan gidansu yana yin kiɗan talla, har Mani Ratnam ya ba shi fim ɗin Roja a 1992. Daga nan sai Bombay a 1995, Dil Se a 1998, Taal a 1999, wanda a kan labarinsa aka ɗora fim ɗinmu na Khusufi. A 2002 aka nuna wasansa Bombay Dreams a Landan, a 2009 kuma ya karɓi kyautar Oscar biyu saboda Slumdog Millionaire.

To, Rahman ɗan fiyano ne kamar makaɗanmu, ya ma fi su sanin na'ura. Bambancin shi ne yana kiran masu sarewa da masu tabla da masu ganga su zo su kaɗa da hannunsu, na'ura ta ɗauka ta jera. Sarewar da ake ji a kiɗan Bombay numfashin wani mutum ne mai suna Naveen Kumar. A 2008 kuma ya buɗe makarantar kiɗa a Chennai, inda ake koyar da na Turawa da na Indiya tare. Mu kuwa da na'ura ta zo, sai muka sallami makaɗin muka riƙe muryar kayansa.

Wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin kalangu magana yake yi. Makaɗi yana matse igiyoyin da ke jikinsa a hammata, murya ta hau ko ta sauka daidai da hawa da saukar Hausa, ya faɗi taken mahauta, ya yi wa mutum kirarin kakansa. Kalangun da ke cikin akwati bai san kakan kowa ba. Haka kuma in aka tilasta wa kalmar Hausa bin karin da aka yi don wani harshe, sau da yawa sautinta yakan karye, har mai sauraro ya rasa abin da aka ce. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Kammalawa

Ba na cewa a fasa fiyano, don ya ciyar da dubban matasa, aro kuma ba baƙon abu ne ga kiɗan Hausa ba, bandirin nan ma ai baƙo ne da ya zama ɗan gari. Roƙona ga 'yan'uwana na wannan ƙungiya, musamman mu mutanen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, shi ne kowa in ya koma hutu ya nemi tsohon makaɗin garinsu, ya ɗauki kiɗansa ko da da wayar hannu ce, ya rubuta sunan kowane take da wanda ake yi wa shi, mu tara a hannun sakatare. Waɗanda ke da abokai a ɗakunan ɗaukar sauti na Kano kuma su ja hankalinsu su riƙa gayyatar irin waɗannan mutane, a biya su haƙƙinsu. Ni dai na riga na yi wa Baba mai kalangu alkawarin komawa bayan girbi, in Allah ya kai mu. Ya ce in zo da wuri, don yaransa duka sun tafi birni, ba wanda ya koya.