Me ya sa rediyo ke kamawa a inda salula ta yi shiru? Tarihin sauraro a ƙasar Magarya da Dungas

Duk wanda ya san ƙauyukan da ke tsakanin Magarya da Dungas ya san wannan abin mamaki: yaro riƙe da salula mai tsada yana hawa tudu yana neman rezo, kakansa kuwa yana zaune a gindin gawo da tsohuwar rediyo yana jin labaran Landan tangaram. Yara kan ɗauka wayar ce ba ta da kyau. Ba haka ba ne. Na'urorin biyu aikinsu daban, kuma tarihin zuwansu ƙasar nan ma daban.

Rediyo ta riga salula da shekara arba'in da 'yan kai. Sashen Hausa na BBC ya fara magana a watan Maris na 1957, aka buɗe Rediyon Nijar a Yamai a 1958, wadda daga baya ta zama Muryar Sahel. Rediyon Kaduna ta zo a 1962, Muryar Jamus ta fara Hausa a 1963, Muryar Amurka kuma a 1979. Ga mutumin Magarya, wanda iyakar Nijeriya ke kusa da shi fiye da birnin Damagaram, Kaduna da Kano sun kasance kamar tashoshin gida. Iska ba ta san shingen kwastan ba.

Abin da ya kamata malamai su tuna shi ne tun farko an ɗauki rediyo a Nijar a matsayin makaranta. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo. Mutanen gari su taru da dare a saurari shiri kan noma, ko lafiya, ko aure, sannan mai jagorantar zaman, wanda sau da yawa malamin lakwal ne, ya buɗe muhawara, a ɗauki muryoyin jama'a a aika Yamai a saka su a wani shirin. Wato tun kafin a san kalmar intanet, bakauye yana mayar wa gidan rediyo martani. A 1964 kuma aka fara gwajin koyarwa ta talabijin a wasu azuzuwan firamare. Wannan gwajin ya ci kuɗi sosai, bai kuma game ƙasa ba. Rediyo ce ta dawwama, saboda batir biyu ko huɗu sun ishe ta.

To, me ke sa ta kamawa daga nesa haka? Tashoshin gajeren zango, waɗanda iyayenmu ke nema a mita 16, 19, 25 da 31, suna harba saƙonsu sama ne. Can sararin samaniya akwai wani shimfiɗin iska da hasken rana ke cajawa, wanda ke dawo da saƙon ƙasa a nisan dubban kilomita, kamar yadda bango ke dawo da ƙwallo. Shi ya sa muryar BBC ke iya tasowa daga tsibirin Asenshon a tsakiyar tekun Atlantika ta sauka a Malawa ko Dogo-Dogo. Shi ya sa kuma tashar da ake ji da safe a wata mita sai an sauya mata wata da dare, domin shimfiɗin nan yana sauyawa da fitowar rana da faɗuwarta. Matsakaicin zango ma yakan yi nisa sosai bayan magariba. Na'urorin watsa irin waɗannan shirye-shirye na aiki da ƙarfin kilowat ɗari ko fiye, aikin akwatin rediyo kuwa sauraro ne kawai. Ko mutum miliyan ne suka kunna lokaci ɗaya, babu wanda ya rage wa wani.

FM ta zo da wani salo. Bayan taron ƙasa na 1991 aka ba da damar kafa gidajen rediyo masu zaman kansu, irin su Anfani da ke da tasha a Damagaram, kuma a 1999 aka buɗe rediyon karkara ta farko a Bankilare, mai aiki da hasken rana. Muryar FM ta fi tsabta, amma ba ta komawa sama ta dawo. Tafiya take miƙe, iyakarta 'yan gomman kilomita, gwargwadon tsawon eriya da ƙarfin tasha.

Salula ta shigo Nijar a 2001, shekarar da ta shiga Nijeriya. Celtel, wanda ya koma Zain a 2008 sannan Airtel a 2010, yana cikin na farko. Orange ya zo a 2008 ya koma Zamani bayan an sayar da shi a 2019. A nan ne bambancin ya fito fili. Waya ba sauraro kaɗai take yi ba, dole ta amsa wa turken sadarwa, kuma ƙarfin muryarta bai wuce wat biyu ba. A tsarin GSM na asali, ko da babu abin da ya tare hanya, waya ba ta iya aiki da turken da ya wuce kilomita 35; a zahiri ma tun kafin nan ta gaji, musamman a cikin ɗakin ƙasa mai rufin kwano ko a kwari. Sannan turke ɗaya rabawa yake tsakanin duk masu amfani da shi, shi ya sa ranar kasuwa kira ke wahalar shiga. A garuruwan bakin iyaka, wajen Maigatari da Babura, wayar kan bar layin gida ta kama na Nijeriya, abin da ya sa mutane da yawa ke yawo da sim biyu.

Kada a ce ina rage wa salula daraja. Binciken da Jenny Aker ta yi kan kasuwannin hatsi na Nijar tsakanin 2001 da 2006 ya nuna zuwan waya ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, domin ɗan kasuwa yana iya tambayar kuɗin tiyar gero kafin ya ɗora buhu a mota. Daga baya, a wani shirin yaƙi da jahilci a ƙauyuka sama da ɗari na jihohin Dosso da Damagaram, manyan da aka koya wa rubuta saƙo a waya sun fi takwarorinsu ci a jarrabawar rubutu da lissafi. Rediyo ba za ta iya wannan ba. Ba ta sa hannu rubutu.

Amma shekarun baya-bayan nan sun nuna inda kowace ke da rauni. Bayan zaɓen Fabrairun 2021 an katse intanet ta waya a Nijar kusan kwana goma. A Satumban wannan shekarar aka kashe layukan waya baki ɗaya a jihar Zamfara. A Agustan 2023 Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar har zuwa Maris na 2024, kuma turke da waya duk wuta suke ci. Rediyo ma ba ta tsira ba: an dakatar da RFI a FM a Agustan 2023, BBC kuma na wata uku a Disamban 2024. Gajeren zango ba a rufe shi daga Yamai, sai dai ana iya rufe shi daga inda yake tasowa, kamar yadda Muryar Amurka ta yi tsit a Maris na 2025 bisa umurnin gwamnatin ƙasarta.

Ga malamin da ke son aika darasi ko sanarwa ga iyaye a Gushi ko Wacha, lissafin a bayyane yake: saƙon WhatsApp zai isa gidan da ke da rezo, da caji, da kuɗin data, sanarwa a rediyon karkara kuwa za ta shiga har gidan da babu ko ɗaya. Iyaye masu saya wa yara waya su duba wani abu guda. Yawancin ƙananan wayoyi masu araha suna da FM a ciki, wadda ba ta bukatar sim ko data. A wasu sai an maƙala abin sawa a kunne, domin igiyarsa ce ke zama eriya. Da yawa daga cikin manyan wayoyi masu tsada, har da iPhone, ba su da ita.