Duman Dutse da Tarihin Maganin Harbin Kunama a Ƙasar Hausa

A wurin Bahaushe kalmar ƙwaro ta haɗa da kunama da rina da zirnaƙo da ƙudan zuma da sauro. Sai dai harshen ya rarrabe irin ɓarnar kowannensu: sauro cizo yake yi, kunama da rina kuwa harbi. Cizo akan sosa shi a manta. Harbi shi ne ya tilasta neman magani, musamman da bazara lokacin da zafi ke fito da kunamu daga ramuka.

Tun kafin zuwan Turawa, wannan sani yana hannun masu sana'a. Gardawa su ne suka shahara da wasa da kunama da ba da makarin dafinta, 'yan magori suna yawo da saiwoyi kasuwa-kasuwa, wanzamai kuma sukan yi tsaga su kafa ƙaho a inda aka harba. Da baki ake gadon ilmin, ɗa ya karɓa daga uba, ba kasafai ake bayyana shi ga bare ba. Daga cikin tsirran da aka dogara da su akwai tumfafiya, wadda ake ɗiga ruwan nononta a wurin harbin, da kuma duman dutse, wanda wasu ke kira maɗacin ƙasa saboda ɗacin saiwarsa. Akan daka saiwar a shafa, wani lokaci kuma a jiƙa a sha.

A 1916 Dakta J. M. Dalziel, likitan gwamnatin mulkin mallaka, ya buga ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, inda ya danganta maɗacin ƙasa da tsiron da masana ke kira Aristolochia albida. Wannan danganci shi ne ya ba da damar a auna sanin gardawa da binciken da aka yi a wasu ƙasashe.

Sakamakon awon bai zo da daɗi ba. A farkon shekarun 1990 mata fiye da 100 a Beljiyam suka kamu da ciwon ƙoda bayan sun sha maganin rage ƙiba mai ɗauke da wani ɗan'uwan wannan tsiro daga ƙasar Sin. A 2002 hukumar binciken ciwon daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta sanya magungunan da aka haɗa da dangin Aristolochia cikin abubuwan da ke haddasa sankara. Nonon tumfafiya ma yana lahanta ido idan ya faɗa ciki.

To, me ya sa magabata ba su lura ba? Dalili shi ne raɗaɗin harbi ga babban mutum yakan lafa da kansa cikin sa'o'i, sai a yaba wa saiwa, alhali illar ƙoda ba ta bayyana sai bayan watanni ko shekaru, lokacin da an manta da kunamar. Ga ƙaramin yaro kuwa, musamman a yankin Agadas inda kunamu ke da mugun dafi, jiran aikin saiwa na iya zama sanadin ajali.

Saboda haka mai nazarin maganin gargajiya ba zai tsaya ga rubuta sunan tsiro kawai ba. Wajibi ne ya tambayi yadda ake amfani da shi, shafawa ko sha, da kuma abin da ya sami wanda ya sha bayan shekara goma.